DAFIN KATAKO A CIKIN RUWA, DA ƘANANAN HALITTUN DA KE CINYE SHI

 

Yau za mu yi magana a kan wani irin dafi wanda mutum ya haɗa da hannunsa don ya yi masa aiki, ya kuwa yi aikin, sa'an nan ya juyo kan mai shi. Za ku ji yadda ya ke shiga ruwan sha, da irin ɓarnar da ya ke yi wa jiki, da yadda masana su ke sa waɗansu ƙananan halittu na cikin laka su cinye shi. Daga ƙarshe za ku ji abin da ya wajaba ko wane mai gida ya yi. Ku kasa kunne da kyau, wanda ya iya karatu kuwa ya karanta wa wanda bai iya ba.

MENE NE WANNAN DAFI?

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin magani ya san wannan ƙamshi mai ƙarfi da ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa. Asalinsa wani magani ne da a ke kira fenol, wanda aka fara samu daga kwaltar gawayin kwal. A 1865 wani likita a Birtaniya, mai suna Lista, ya fara wanke rauni da shi, ya ga miki ya daina ruɓa. Bayan haka masana suka gane cewa in aka liƙa wa fenol wani sinadari mai suna kulorin, watau irin wanda a ke zuba wa ruwan famfo, ƙarfinsa na kisa ya kan ƙaru.

Ko wane ƙwayar fenol yana da gurbi 5 inda kulorin zai iya zama. Maganin da ke cikin Dettol ɗan wannan dangi ne, kulorin guda ɗaya ke jikinsa, shi ya sa a ke surka shi da ruwa a wanke miki, amma ba a sha. In kuwa aka cika gurbin nan 5 duka, to an sami babbansu ke nan, mai suna fentakulorofenol. Sunan ya yi tsawo, don haka a jikin gwangwani a kan rubuta shi da haruffa uku, PCP. Mu ma haka za mu kira shi.

A 1936 aka fara sayar da PCP don tsare katako. Falwaya, da katakon da a ke shimfiɗa dogo a kai, da katakon gada, in aka jiƙa su da shi gara ba ta ci, fumfuna ba ta kamawa, sai su shekara 30 ko 40 a tsaye. A da, majema na ma'aikatu sun riƙa sa shi ga fatu don kada su ruɓe a hanya. An kuma zuba gishirinsa a fadamu da magudanan ruwa na Masar da Japan da Sin, don kashe katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya. Ga araha, ga aiki. Ashe abin da ya hana gara cinsa, shi ne ya hana ƙasa cinsa. Tsumma ko kashin dabba in ya faɗi ƙasa, kafin damina biyu ya zama taki. PCP kuwa sai ya zauna, ruwan sama ya riƙa sauke shi a hankali har ya kai idon rijiya.

YADDA YA KE CUTAR DA MUTUM

Ta ƙofa uku ya ke shiga jiki: ta baki, ta hanci, ta fata. Ku lura da ta ukun nan, gama mutane da yawa suna tsammani abin da ba a ci ba, ba a sha ba, ba ya cutarwa. PCP yana ratsa fata kamar yadda mai ke ratsa takarda.

Jikin ɗan Adam kamar murhu ya ke. Abinci shi ne itace, ƙarfin da mu ke aiki da shi kuwa shi ne tuwon da ke bisa wuta. Abin da PCP ke yi shi ne ya sauke tukunyar, ya bar wuta tana ta ci a banza. Itace na ƙarewa, zafi na ƙaruwa, tuwo bai dahu ba. Shi ya sa wanda dafin ya kama da yawa za ku ga jikinsa ya yi zafi ƙwarai, gumi na zuba kamar an kwara masa ruwa, ga ƙishirwa, ga haki, zuciya na bugawa da sauri, ga kasala. In ba a yi hanzari ba sai ya suma, wani ma sai dai wani ba shi ba. Da ganin farko sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne. Don haka lalle a gaya wa malamin asibiti irin aikin da majinyacin ya yi, da abin da ya taɓa.

A 1967, a birnin San Luwis na Amurka, jarirai suka yi ta kamuwa da zazzaɓi da gumi a wani gidan haihuwa, har biyu suka rasu. Aka bincika nono, aka bincika ruwa, ba a ga kome ba. Daga bisani aka gane cewa gishirin PCP a ke sa wa wajen wankin zannuwansu da ƙyallayensu, ta fata ya shige su.

Wanda kuwa ya ke samunsa kaɗan kaɗan shekara da shekaru, cutar ba ta nuna kanta da wuri. Tana taɓa hanta da ƙoda, tana kawo ƙuraje masu taurin kai a fuska. A 2016 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka zauna a birnin Liyon na Faransa, suka tabbatar PCP yana kawo ciwon daji, musamman irin wanda ke kama kaluluwa. Hukumar ta ce kada ya wuce giram 9 a cikin lita 1,000,000 ta ruwan sha. Ku auna wannan da kanku. Abin da bai wuce cokalin shayi biyu ba, a cikin durom 5,000 na ruwa, shi ne iyaka.

Akwai kuma wani mugun abokin tafiyarsa mai suna dayoksin, wanda ke samuwa wajen haɗa irin waɗannan magunguna, da kuma sa'ad da aka ƙone su. Ran 10 ga Yuli, 1976, tukunyar wata ma'aikata mai haɗa fenol mai kulorin 3 ta yi ambaliya kusa da garin Sebeso na Italiya. Hayaƙin ya sauka bisa gonaki da gidaje. Aka tashi mutane fiye da 700 daga gidajensu, yara suka yi ƙurajen nan na fuska, aka hallaka dabbobi kimanin 80,000 don kada a ci namansu.

Saboda irin waɗannan abubuwa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Sitokholm a 2001, a kan magungunan da ba su ruɓewa. Nijeriya da Nijar duk suna ciki. A 2015 aka sa PCP cikin jerin waɗanda za a daina yi. Amma fa dokar ba ta kwashe wanda ya riga ya shiga ƙasa ba, ba ta kuma tumɓuke tsofaffin falwaya ba. To, ƙaƙa za a yi da wannan?

MASU AIKIN CIKIN LAKA

Kun saba jin muna cewa ƙwayoyin cuta, muna yi muku kashedi da su. Gaskiya ne. Amma ku sani, cikin ƙananan halittun nan da ido ba ya gani sai da madubin likita, masu cutarwa su ne kaɗan. Su ne ke mai da madara kindirmo. Su ne ke nunar da daddawa. Marina na Ƙofar Mata a Kano, da suka zuba baba da toka a rami suka bari kwanaki har ya tashi, waɗannan halittu su ke jira su yi musu aiki, ko da ba su taɓa ganinsu ba. Sunansu bakteriya.

Ku je bakin kududdufi da rani, ku caka sanda cikin laka. Za ku ga saman ja ne ko toka-toka, ƙasan kuwa baƙi wuluk, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Can ƙasa babu iskar da mu ke shaƙa ko kaɗan, duk da haka cike ya ke da rai. Halittun wurin suna da nasu abin numfashi. Waɗansu daga cikinsu da gishirin farar wuta su ke numfashi, wanda masana ke kira salfet. Suna shaƙarsa, suna fitar da iskar nan mai wari, ita kuma in ta gamu da ƙarfen da ke cikin ƙasa sai laka ta yi baƙi. Wani masani ɗan ƙasar Holan, mai suna Bayarink, shi ya fara ware su daga lakar magudanan birnin Delf a 1895.

An daɗe ana ganin ba su da wani amfani sai wari da cinye bututun ƙarfe. Sai a 1984, a wata jami'a ta jihar Mishigan a Amurka, masana biyu, Shelton da Tiedje, suka ware wata bakteriya daga lakar bahaya ta gari. 'Yar dangin masu numfashi da salfet ce, amma tana da wata baiwa: tana cire kulorin daga jikin magani, ta sami ƙarfin rayuwa daga wannan cirewa. Bayan 'yan shekaru aka ga tana yi wa PCP ma haka.

Ga yadda abin ya ke. Ku ɗauki PCP kamar bushiya ce, kulorin ɗin nan 5 su ne ƙayoyinta. Mai son nama ya zo, ya ga ƙaya, ya koma. To, waɗannan halittu na cikin laka su ne masu fige ƙaya. Su cire ɗaya, saura 4. Su cire wata, saura 3. Sau da yawa ba iri ɗaya ke gama aikin ba, wannan ya iya cire na gefe, wancan ya iya cire na baya, kamar aikin gayya. Ko wane kulorin da aka cire sai ya narke cikin ruwa ya zama irin wanda ke cikin gishirin miya, ba ya cutar da kowa. In ƙaya ta ƙare, saura fenol tsirara, sai masu ci su taso. A 1986 masana a Jamus suka bayyana wata mai numfashi da salfet wadda ke cinye fenol ƙurmus, ba ta barin kome sai ruwa da irin iskar da mu ke fitarwa in mun yi numfashi.

A 1990 kuma masana a birnin Niyok suka ɗebo lakar kogi, suka zuba mata fenol mai kulorin ɗaya, suka rufe. Bayan watanni dafin ya ɓace, salfet ma ya ragu daidai gwargwado. Da suka sa wani magani mai hana numfashi da salfet, sai cin dafin ya tsaya cik. Nan aka tabbatar ko su wane ne masu aikin.

RANDAR DA A KE KIWONSU

Watakila wani ya ce, to tun da laka tana cinye shi, ina abin damuwa? Abin damuwa shi ne jinkiri. A cikin yashin da ke ƙarƙashin ƙasa, inda rijiya ke samun ruwa, babu abinci sosai, halittun kaɗan ne, ga sanyi. Sai dafin ya shekara 20 ko 30 yana nan, mutane kuwa ba su jira, kullum suna sha. Don haka masana suka ce, bari mu tara halittun wuri ɗaya, mu ciyar da su, mu kai musu ruwan har gida.

Abin da su ke ginawa kamar babbar randa ce ta ƙarfe ko ta siminti, doguwa, rufaffiya ruf don kada iska ta shiga. A kan zuba baƙar laka mai rai a gindinta. Ruwa mai dafi ta ƙasa ya ke shiga, ya riƙa hawa a hankali yana ratsa lakar, ya fita ta sama. Wani masani na Holan mai suna Letinga shi ya fito da wannan fasali wajen 1970 da 'yan kai. A cikin irin randarsa halittun su kan dunƙule su zama ƙwayoyi kamar gero, masu nauyi, ruwa ba ya tafiya da su. A waɗansu randunan kuwa yashi ko gawayi a ke zubawa, halittun su manne a jiki kamar gansakuka a jikin tulu.

Kiwonsu yana da ƙa'ida, kamar kiwon ko wace dabba. Na fari, abinci. Masu fige ƙaya ba su aiki da yunwa, don haka a kan ɗiga musu ruwan sukari ko makamancinsa. Na biyu, ɗumi. Sun fi son zafi kusa da na jikin mutum, digiri 30 zuwa 35, ƙasashe masu sanyi sai sun ɗumama randar. Na uku, haƙuri. Ba a tura musu dafi da yawa ran farko, sai su mutu, gama an yi shi ne don kisa. Kaɗan kaɗan a ke ƙarawa, makonni ko watanni, har su saba. Na huɗu, awon salfet. In ya yi yawa, sai su koma numfashi da shi kaɗai don ya fi sauƙi, su cinye abincin, su bar ƙaya a jikin bushiya. Iskar nan mai wari ma in ta taru tana sa su maye, tilas a riƙa janye ta ta bututu. Amma tana da nata amfani: in akwai dalma ko tagulla a ruwan, ta kan kama su ta kwantar da su ƙasa.

Sau da yawa a kan bi da ruwan ta randa ta biyu, wadda a ke hura wa iska, don halittu masu son iska su share abin da ya rage. Sa'an nan a ɗebi ruwan a kai ɗakin awo. Sai awo ya nuna ya tsarkaka kana a sake shi.

Ku ji labarin wani gari, Karkola, a ƙasar Finlan. Akwai ma'aikatar yanka katako a garin, ta yi shekaru tana tsoma katako cikin maganin fumfuna na wannan dangi, har 1984. A 1987 aka auna ruwan famfon garin aka sami dafin a ciki. Aka rufe wurin ɗiban ruwa, aka kuma ga ciwon dajin kaluluwa ya fi yawa a garin bisa ga maƙwabta. A 1995 aka kafa randa, ta irin mai halittu masu son iska, aka shiga jawo ruwan ƙasa ana bi da shi ta ciki, shekara da shekaru. Ku duba fa: abin da ya tsiyaya a hankali ba wanda ya kula, sai da aka yi shekaru ana kashe kuɗi kafin a ga sauƙinsa. Rigakafi ya fi magani.

ABIN DA YA WAJABA A KANKU

Gina randa aikin gwamnati ne da masu ma'aikatu. Naku aikin shi ne ku tsare gida da rijiya.

1. Kada ku yi girki ko gashi da tsohuwar falwaya, ko katakon dogo, ko wani katako mai maiƙo baƙi, ko mai launin kore-kore. Magungunan katako iri iri ne, ido ba ya bambanta su, amma duk hayaƙinsu da tokarsu dafi ne. Kada a yi akurki, ko kwamin shan ruwan dabbobi, ko murfin rijiya da irinsa.

2. Kada ku zuba ruwa, ko man gyaɗa, ko nono, ko hatsi a cikin durom ko galan da aka taɓa sa maganin ƙwari ko na katako. Wanki ba ya fid da shi. A huda shi don kada wani ya ɗauka, a kai wa malamin gona ko duba-gari.

3. Kada a wanke kayan feshi a bakin rijiya, ko rafi, ko tafki. Kada a zubar da ragowar magani a ƙasa kusa da ruwa.

4. In ruwan rijiya ya soma ɗanɗanon magani ko warin asibiti, a daina sha. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, tacewa da ƙyalle tana tsare ƙazanta, amma duk ba su raba ruwa da wannan dafi. A gaya wa mai unguwa da duba-gari, su kai magana ƙaramar hukuma a zo a auna.

5. Masu lambu a kusa da ma'aikatu, irin na jima da na rini, ku guji ban ruwa da abin da ke fitowa daga magudanarsu. Kada yara su yi wanka ko kamun kifi a ciki.

6. Kafinta da mai feshi su sa safar hannu ta roba da riga mai dogon hannu, su wanke jiki da sabulu kafin cin abinci. Kayan aikinsu a wanke dabam, kada a haɗa da na yara. Kada ku sayi maganin da aka ɗura a kwalba ba suna, ba lambar hukumar NAFDAC.

7. In dafin ya kama mutum, a tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kwantar da shi a inuwa, a riƙa shafa masa ruwan sanyi ana yi masa fifita. In yana cikin hankalinsa a ba shi ruwa mai tsabta ya sha. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a ba shi asfirin, gama asfirin ƙara wa wutar nan itace ya ke yi. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da gwangwanin maganin.

WANI KASHEDI

Halittun nan da muka yaba suna nan a cikin masai, da ramin ruwan wanka, da tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a ja ba. Iskarsu mai warin ƙwai ta fi iskar duniya nauyi, can ƙasan rami ta ke kwanciya. In kaɗan ce hanci yana jinta. In ta yi yawa sai ta kashe hancin, mutum ya ce ai warin ya tafi, alhali lokacin ne ta fi haɗari. Shaƙa kaɗan sai ya faɗi. Sau da yawa ba mutum ɗaya a ke rasawa ba: na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ya cece shi, shi ma ya faɗi, na uku ya bi. Don haka kada kowa ya shiga irin wannan rami sai ma'aikatan da suka san aikin, da igiya a ƙugu da mutane a sama. In wani ya faɗi a ciki, kada a bi shi. A buɗe bakin ramin sosai, a yi kururuwa, a kira 'yan kwana-kwana.

To, jama'a, iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan a yau. Ku tafi da wannan takarda gida, ku karanta wa maƙwabta, musamman kafintoci, da masu feshi, da masu haƙar rijiya, da matan da ke sayen itacen girki. Wanda bai gane wani abu ba, ya tambayi malamin ɗakin magani, aikinsa ke nan. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Ku huta lafiya.